Kada ka kai tsohuwar gitarka kasuwa

Yau da faɗa na zo. In ka ji maganar ta taɓa ka, yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka rama.

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana gari. Mutum shina da abin kiɗa wanda ya daɗe da shi: goge, ko gurmi, ko garaya, ko gita. Hannunshi ya saba da shi. Ran da ya ga sabo mai ƙyalli rataye cikin kanti, sai tsohon ya zama abin kunya. Sai ya ɗauke shi ya kai ma dillali. A ba shi abin da anka ga dama, ya cika kuɗɗi, ya sayo sabon. Kowa ya ce mishi: "Barka, ka ci gaba." Ni ba ni cewa barka. Hasara ce. Kuma na san abin da nike faɗi, don ni ma na yi ta.

Ga abin da ya tada maganar. Wani saurayi maƙwabcina shina cikin samarin da ke kiɗa wurin biki a garinmu. Shi ke kaɗa gita bas. Shekaranjiya da marece ya shigo gidana da ita rataye a kafaɗa. Bayan mun gaisa ya ce: "Malam, so nike ka raka ni Maraɗi ran kasuwa. Zan sai da wagga, in cika in ɗauko sabuwa mai tsirkiya biyar. Kai ka san ciniki."

Na ce: "Ƙanena, zauna tukuna. Mi ta yi maka?"

Ya ce: "Ba ta yi mani komi ba. Ta tsufa ne."

Ka ji amsar ke nan. Ba ta yi komi ba, ta tsufa ne.

Wataƙila ba ka san gita bas ba. Bari in gwada maka ita da baki. Ta yi kama da gitar da ka sani, amma wuyanta ya hi tsawo, kuma tsirkiyarta huɗu ce, masu kauri. Muryarta ƙasa-ƙasa take, kamar ta babbar ganga. Wurin biki ba ita ake kallo ba. Mai waƙa ake kallo, da mai ƙaramar gita. Amma ita ce ke bugun ƙirjinka, ita ce ke ɗaga ƙafar mai rawa. In ta yi shiru sai ka ji kiɗan ya zama kamar miya ba gishiri. Ita kaɗai ba ta da ƙara, sai an haɗa ta da waya zuwa ga ampili, shi kuma ampili shina son wutar lantarki ko batirin mota. Wani mutumin Amurka mai suna Leo Fender shi ya sa ta bazu cikin duniya. A shekarar 1951 ya hito da irin tashi, wadda ya sa ma suna Precision. Kahin nan makaɗa suna fama da wata ƙatuwar aba ta itace, tsawonta ya kai na mutum, a tsaye ake kaɗa ta, kuma ɗaukarta aiki ne. Yau shekara sama da 70, amma sigar da ya yi ita ce har yanzu ake kwaikwayo. Ka riƙe wanga a ranka, za mu komo kanshi.

To, ga nawa labari. Lokacin da nike makarantar horon malamai na sayi gita bas ta hannu, jika 45. Na yi wata da watanni ina tara kuɗɗin. Ja ce, fentinta ya koɗe wurin da damtse ke gogawa. Can ƙasa tana da tabon ƙuna, inda hitila ta faɗa mata wani dare. Da ita na koyi kiɗa. Yatsuna sunka yi kanta a bisanta. Ko cikin duhu na san inda kowace murya take.

Da na fara ɗaukar albashi sai idona ya buɗe. Na ga wata baƙa mai tsirkiya biyar, tana sheƙi kamar madubi, jika 120. Kuɗɗina ba su kai ba. Wani dillali ya ce in kawo tsohuwar. Ya juya ta, ya taɓe baki, ya nuna tabon ƙuna, ya nuna fenti. Ya ce: "Malam, wagga ai sai don kai." Ya taya jika 20. Cikin jika 20 ɗin ya cire la'adarshi jika 2. Na karɓi 18, ina ta godiya kamar ya yi mani kyauta.

Sabuwar ta yi mani daɗi wata uku. Sai hunturu ya shigo. Ka san yadda iskan hunturu ke yi ma ƙyauren itace da akushi: shina tsotse ruwan da ke cikinsu. Haka ya yi ma wuyan gitata. Itacen ya tsuke, ƙananan ƙarafan da anka jera bisa wuyan sunka hito gefe suna yankan hannu. Wuyan ya lanƙwashe, tsirkiya ta riƙa zuza kamar ƙudan zuma. Wagga ɗaya.

Ta biyu, ashe irin wadda ke da ɗan pil a cikinta ce, mai ƙarhin bolt 9, wanda ba a samu a tebur ɗin ƙauye. Wani dare muna tsakiyar bikin arme, hili ya cika, ƴan mata sun shiga rawa, sai muryarta ta shaƙe, ta mutu. Pil ya ƙare. Na tsaya riƙe da jika 120 a hannu, ba ta ko tari. Tsohuwar ba ta da pil, ba ta taɓa yi mani haka ba. Uban ango bai ce komi ba, amma bai sake kiranmu ba.

Ita kuwa tsirkiya ta biyar da na mutu a kanta, muryarta ta yi ƙasa ƙwarai, ƙaramin ampilinmu ba shi iya hidda ita. In na taɓa ta sai gurnani. Na biya kuɗɗin tsirkiya biyar, ina kiɗa da huɗu.

Na koma wurin dillali da jika 30 a aljihu. Ya ce ai tun sati na farko wani baƙo ya ɗauke ta, ya yi kudu da ita. Nawa ya sai da ta? Ya yi dariya, ya ce: "Malam, ciniki ya wuce."

Yanzu bari mu ɗauki hujjojin masu sai da kaya ɗaya-ɗaya, don suna da baki.

Suna cewa: sabo ya hi tsoho. Na yarda a wurin takalmi. A wurin gita, tambaye su: mi ke tsufa a jikinta? Gita bas itace ce, da ƙarhe, da maganaɗisu wanda anka naɗe da siririyar wayar tagulla. Shi ke ɗaukar motsin tsirkiya ya aika ma ampili. Abubuwan da ke lalacewa ƙanana ne. Tsirkiya tana dushewa don gumi da dauɗa sun shiga cikinta. A sake ta. In babu kuɗɗin sabuwa, makaɗa da yawa suna kwance ta, su tafasa ta cikin ruwa kamar minti goma, su shanya ta ta bushe sarai, su maida. Muryarta tana komowa na ɗan lokaci. Mamurɗin ƙara shina ƙarce-ƙarce don ƙura ta shiga. A share shi. Ramin da ake soka waya ya yi sako-sako, ko wata ƴar waya ta tsinke a ciki. Mai gyaran rediyo na kasuwarku shina liƙe ta da dalma kahin ka gama shan shayi. Ko wuyan da ya lanƙwashe shina da magani, don akwai sandar ƙarhe a cikinshi wadda ake murɗawa da ɗan mabuɗi a miƙe shi. Sai dai wanga aiki na wanda ya iya ne, kaɗan-kaɗan ake yi, in an matsa da ƙarhi sandar tana karyewa.

Saura itace. Nan ne tsohuwa ta hi. Gitocin da ke cika kantunanmu daga nesa suke zuwa, mahi yawa daga Sin da Indunusiya, sun biyo teku. Itacensu bai san zahin bazara na ƙasarmu ba, bai san hunturu ba. Ba ka san abin da zai yi ba sai ya shekara. Tsohuwar da ta ci hunturu goma a ɗakinka ta riga ta gwada halinta. Abin da za ta yi ta yi shi. Kai manomi ne, ka san bambancin san da ya saba da galma da ɗan maraƙin da ba a taɓa ɗaura ma karkiya ba. Wa ke sai da san noma ana gobe shuka, don ya ga wani mai kyan ƙaho a kasuwa?

Kuma ka tuna abin da na ce ka riƙe. Sigar 1951 ita ake bi har yau. Sabuwar da kake gani rataye, in ka ɗebe fenti, ƙanwar tsohuwarka ce. A Turai da Amurka ma tsofaffin gitocin Fender na shekarun 1950 da 1960 sun hi sababbi tsada nesa ba kusa ba. Ba ni cewa taka za ta kai haka. Ina gwada maka ne cewa masu abin ba su ɗauki tsufa laihi ba.

Suna cewa: kuɗɗi ba su isa ba sai an haɗa da na tsohuwa. Wagga ita ce hujjar da ta kama ni. To yi lissahi tare da ni. Na saya 45, na karɓi 18. Jika 27 sun tahi. Da na koma nema, ko da 30 ban same ta ba. Ai ka san wanga ciniki. Shi ne na hatsi. Da kaka ka kai tiya kasuwa da araha don kana gaggawar kuɗɗi, da damina ka komo ka sayi tiyar nan da tsada wurin wanda ka sai ma. Dillali shina ganin gaggawa a huskar mutum tun daga nesa. Da ya ga idonka na kan sabuwa, ya san ko nawa ya taya za ka sallama. Jika 18 ɗin nan, da na yi haƙurin wata uku, ko na shiga adashi, da na same su ba tare da na rabu da komi ba. Sabuwar ba gudu za ta yi ba. In an sayi wagga, wata tana tahe cikin mota.

Suna cewa: hannu biyu gare ka, mi za ka yi da gita biyu? Bari in ba ka labarin wani wanda ya hi mu duka sanin gita bas. Sunanshi Paul McCartney, mutumin Ingila, na ƙungiyar Beatles. A 1961, shina saurayi marar kuɗɗi, ya sayi gita bas ƙirar Höfner a birnin Hambag na Jamus, fam 30. Da ita ya yi waƙoƙinsu na farko. A 1963 sunanshi ya hito, ya samu sabuwa. Bai sai da ta farin ba. Ya sa anka gyara ta, ya aje ta kusa don ko ta-kwana. A 1972 ɓarawo ya sace ta daga cikin mota a Landan. Mutumin nan ya yi arzikin da zai iya sayen gita dubu, amma bai mance da ta fam 30 ba. Bayan shekara 50 har mutane sunka tashi da cigiya cikin jaridu da intanet. Anka same ta aje a saman ɗakin wani gida a kudancin Ingila, anka maida mishi. A farkon 2024 labarin ya bazu. Shi ɓarawo ya raba shi da tashi. Mu kuwa da ƙafarmu muke kai tamu, har mu biya la'ada.

Amfanin ta biyu a hili shike. Ran da sabuwa ta shaƙe tsakiyar biki, ka miƙa hannu ka ɗauko tsohuwa. Ran da za a tahi ƙauye bisa amalanke cikin ƙura, tsohuwa ce za ta tahi, sabuwa ta huta. Kuma akwai wani amfani wanda ya hi waɗanga, ina zuwa gare shi.

Kada ka ce ban san halin da ake ciki ba. Na sani. In rumbu ya ƙare, yara suna kuka, ko matarka tana kwance ana neman kuɗɗin magani, sai da gitar. Sai da ampili ma. Ba wanda zai zarge ka, ni ma zan raka ka kasuwa in taya ka ciniki. Ciki ba shi jin kiɗa. Da wanda yunwa ta kora kasuwa ba ni da faɗa. Faɗana da wanda ƙyalli ya kora ne, wanda abokai sunka yi ma dariya don fentin gitarshi ya koɗe.

Su masu dariyar nan, a tambaye su ko fenti ke kiɗa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna. Tsirkiya ɗaya ce, ƙaramin abu wanda ake ruhe ma baki da fata. Da shi ya shiga ƙasashe, har yau ana jin shi a rediyo. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, gitarshi ta fari da hannunshi ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke. Daga baya ya yi wasa a Turai da Amurka. Wa ya tambaye su fenti? Wanda bai iya ba, ko an ba shi ta zinariya, hayaniya zai yi.

Yanzu kuma in juyo kan wasu, don kada su yi murna su ce Malam namu ne. Su ne masu ajiya. Mutum ya sayi sabuwa, ya tura tsohuwa ƙarƙashin gado, ko ya rataye ta a bango. Shekara biyar ba wanda ya taɓa ta. Ƙura ta ruhe ta, tsirkiya ta yi tsatsa, gara ta sami itace. In yaro ya matso kusa sai a daka mishi tsawa. In ka tambaya ya ce: "Ina son ta, ba ni iya rabuwa da ita." Wanga ba so ba ne, rowa ce. Gara ma wanda ya sai da tashi, ko banza tana kuka a hannun wani. Haka gogen kakanni da yawa sunka ƙare a garuruwanmu. Izga ta zube, fatar guza ta tsage, ƙwarya ta fashe, kuma cikin jikoki ba wanda ya san yadda ake riƙe shi.

Ka ji labarin biram? Abin kiɗa ne na Buduma, masunta na tafkin Cadi. Tsirkiya biyar gare shi, sigarshi kamar jirgin ruwa. Ya kusa ɓacewa daga duniya, don masu kaɗa shi sun ƙare, saura wani tsoho mai suna Bukar Tar. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar cikin jihar Damagaram, malamin makaranta ne kuma makaɗin gurmi. A 2002 ya tahi wurin tsohon ya zauna ya koya. Daga baya ya kai biram har ƙasashen waje, kahin ya rasu a 2018. Da tsohon nan ya ɓoye abinshi cikin ɗaki, ya hana kowa taɓawa, da sai dai mu gan shi rataye a gidan tarihi na Yamai, ba mai sanin muryarshi.

To wanga shi ne babban amfanin tsohuwar gita. A kowane gari akwai yaron da ke tsayawa bayan makaɗa, shina kallon yatsunsu, ba shi kallon masu rawa. Ka san shi. Wataƙila ƙanenka ne, ko ɗan maƙwabci. Ba shi da jika 45, ba shi da ko jika ɗaya. Sabuwarka ba za ka ba shi ba, kuma da gaskiyarka. Tsohuwar ita ce makarantarshi. Ba shi aro. Ya zo gidanka da marece ya koya gabanka. In ya nuna hankali, bar shi ya tahi da ita gida, bisa sharaɗi: a gaban babanshi ko wani dattijo, a faɗi cewa aro ce, ba a sai da ta, ba a jinginar da ta, kuma ran da kake bukata za a kawo. Ran da zazzaɓi ya kada kai ana gobe biki, ga wanda zai tsaya a madadinka. Jika 18 ba su sayen wanga.

In kuwa ka ƙi ji, ka ce lalle sai ka sai da ta, to aƙalla kada ka yi irin tawa wauta. Kada ka sai da tsohuwa ranar da za ka sayi sabuwa. Sayi sabuwar tukuna, ta ci hunturu guda da bazara guda a hannunka. Gwada ta da naku ampili, ba da na mai kanti ba. Tambaya ko tana cin pil, kuma ko ana samun irinshi kusa da ku. In shekara ta kewayo ba ka taɓa tsohuwar ba ko sau ɗaya, kuma ba yaron da ke so, sai ka nemi makaɗi wanda ka sani, ku yi ciniki baki da baki, ba dillali a tsakani. Ka san inda take. Ka ce mishi in zai rabu da ita, kai zai fara gaya ma.

Duk wanga na faɗa ma maƙwabcina a daren nan, har shayi ya huce. Bai ce ya yarda ba. Ya ce abokanshi sun riga sun ji zai sayo mai tsirkiya biyar, in ya fasa za su yi mishi dariya. Na ce: "Sayo ta, ban hana ka ba. Amma bari sai kaka, in ka sai da wakenka." Ya yi shiru. Da zai tahi ya jingine gitar a bangon ɗakina, ya ce in aje mishi, don in tana gabanshi ran kasuwa zuciyarshi za ta ci shi. Tana nan inda ya bar ta. Jiya ƙanenshi, ɗan shekara goma sha biyu, ya zo wai an aiko shi aron ashana. Ya samu ashanar, amma bai tahi ba sai da na ce mishi ya wanke hannu ya zo ya taɓa.

Tawa kuwa har yanzu ina tambayar direbobin da ke zuwa kudu. Ja ce, fenti ya koɗe wurin damtse, da tabon ƙunar hitila can ƙasa. In ka gan ta a wurin wani biki, ka gai da mai ita, ka tambaye shi ko zai sai da.